Zumunci A Ƙafa Yake, To In Bikin A Accra Ne Fa?



A shekarun baya, in an yi shelar aure Lahadi uku a jere, abin da ya rage wa mai bi shi ne ya wanke rigarsa, ya tanadi 'yar gudummawarsa, ranar Asabar ya taka zuwa majami'a. In bikin ya yi nisa ƙwarai, Zumuntar Mata su yi shatar mota zuwa Kafanchan ko Biliri, su tafi da tulunansu na kiɗa, su dawo da dare. Yanzu kuwa katin gayyata ta WhatsApp yake shigowa, ka buɗe ka ga an rubuta Accra, ko Dubai, ko Zanziba. Yaranmu da suka yi karatu suka sami aiki a Abuja da Legas da ƙasashen waje sun ɗauko sabon salo: ango da amarya su zaɓi ƙasar da ba ta kowa ba ce a cikinsu, su kira mutum arba'in ko hamsin su bi su can.

Na halarci irin wannan biki sau ɗaya, a bakin teku kusa da Accra, a Disamban 2023. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, wani dattijon ikilisiya ne da ya same ni bayan sujada da katin ɗan ƙaninsa a waya, ya ce, "Baba Fasto, shanun nomana biyu ne. In sayar da ɗaya in je?" Na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba.

Ra'ayina ke nan a fili. Ɗaura aure a wata ƙasa ba zunubi ba ne, ba kuwa zan tsaya a bagadi in la'anci masu yinsa ba. Amma wanda ya kai bikinsa inda sai da fasfo da jirgi ake zuwa, shi da kansa ya ɗauke wa 'yan'uwansa nauyin halarta. Karin maganar nan ta zumunci a ƙafa yake, an yi ta ne lokacin da ƙafa ke iya kai mutum. Kada kunya ta sa ka ci bashin da za ka shekara kana biya, ko ka kwashe adashin matarka, ko ka taɓa kuɗin makarantar yara domin kada a ce ba a gan ka a hoto ba. A sura ta 14 ta Luka, Ubangiji ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna. Mu yi lissafin nan tare.

Kafin ka ce za ka zo, ka tambayi masu bikin abin da suka ɗauka da abin da suka bar maka. Mu Hausawa muna jin nauyin irin wannan tambaya, gama a gida baƙo ba ya tambayar wa zai ciyar da shi. A can kuwa, sau da yawa abincin ranar liyafa kaɗai aka biya. Ɗakin otel na kwana uku, motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgi, abincin sauran kwanaki, anko, duk a wuyanka suke. Disamba kuma lokacin cunkoso ne a Accra, musamman tun 2019 da gwamnatin Ghana ta yi shekarar kiran jikokin bayi su dawo gida, saboda haka kuɗin masauki yakan hau. Ka tuna da halin naira: a Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi alkawarin tafiya wata shida kafin biki, ya ƙara wani abu a kan lissafinsa, ya kuma canza kuɗinsa da wuri.

Sai takardu. Daga 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. In kana da tsoho, ka duba ranar ƙarewarsa, domin ƙasashe da yawa suna so ya rage aƙalla wata shida. Akwai kuma wata matsala da ta fi damunmu mu masu bi: yawan suna. Mutum ɗaya, a katin baftisma Bulus, a takardar makaranta Paul, a lambar NIN an ƙara sunan ƙauye, wanda ya saya masa tikiti kuma ya rubuta sunan da ake kiransa a gida. Ma'aikacin jirgi bai san waɗannan duka kai ne ba. Sunan da ke fasfo, harafi da harafi, shi za a sa a tikiti.

Ghana da sauƙi ta fuskar biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90 ba biza, muddin yana da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su tambaya sosai kafin su tashi, da yake Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin da mutane ke mantawa shi ne katin rigakafin shawara, mai launin rawaya. Ba ya aiki sai allurar ta kwana goma. A tawagarmu akwai wata uwa da aka yi wa tata saura kwana uku a tashi, ta sha tsayuwa da roƙo a gaban jami'an lafiya, mu kuma muna gefe muna addu'a. Allurar sau ɗaya ce, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na har abada ne. Ka je ofishin lafiya na gwamnati a yi maka ta gaske. Katin da wani zai rubuta maka a bakin tasha ba allura, ƙarya ce, kuma sauro ba ya karanta kati.

Daga Legas zuwa Accra wajen awa ɗaya ne a jirgi. Mu na Arewa sai mun fara sauka Abuja ko Legas, kuma kun san yadda hazon hunturu ke hana jirage tashi daga Kano da Kaduna da Jos a Disamba da Janairu. Ka bar kwana guda tsakani, ka kuma isa saura kwana biyu biki. Mai son bin mota zai ƙetare iyaka uku: Seme, da ta tsakanin Benin da Togo, sai Aflao. Ya fi araha, amma yini guda ne cur ko fiye, ana kashe sefa a hanya kafin a kai ga sidi, kuma ban ba tsoho mai ciwon baya shawarar ya gwada ba.

In Dubai ce ko Ingila, magana ta sake. Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza daga Oktoban 2022 har Yulin 2024, ba kuwa wanda aka yi shawara da shi. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta shigo hannunka. Ingila ba ta yarda a shigo da nama daga ƙasashenmu, don haka kilishi da dambun naman da kika yi wa amarya za su ƙare ne a kwandon kwastan. Magunguna masu tiramadol ko kodin suna iya kai mutum kurkuku a Dubai in ba takardar likita da izini. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sa maganinsa a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali. Kuma ko ina za ka, kada ka karɓi ƙunshin wani, ko da ɗan ƙungiyar mawaƙanku ne, sai an buɗe a gabanka ka ga abin da ke ciki. In aka sami ƙwaya a jakarka, kai ne mai ita.

Akwai maganar da ba na jin daɗin rubutawa, amma dole. Wasu matasanmu suna kallon katin biki kamar ƙofar gudu. A ba su bizar ziyara, wadda a Ingila iyakarta wata shida kuma ba ta halatta aiki ba, su ci shinkafar biki, washegari a neme su a rasa. Ɗana, in haka ke zuciyarka, ka sani ƙarya ka yi a takardar da ka sa wa hannu, ka zubar da mutuncin angon da ya rubuta maka wasiƙar gayyata, ka kuma ƙara wa na bayanka wahalar samun biza. Kai kanka za ka zauna kana ɓuya, a biya ka abin da aka ga dama, mahaifiyarka ta rasu ba ka iya zuwa jana'iza. Kada wani fasto ya rubuta wa irin wannan wasiƙar shaida yana sane.

To, ka isa lafiya. Agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara naka. In an ce ƙarfe uku, ƙarfe uku ne, domin wurin haya aka yi na 'yan awoyi, kuma masu hoto rana suke bi. Kujeru a ƙidaye suke, kowane faranti an biya shi da kuɗi mai nauyi. Al'adarmu ta "zo mu je biki", ka kamo abokinka da ka haɗu da shi a jirgi ko ɗan garinku da ke zaune a Accra, a nan kunya take jawowa. In ba a rubuta yara a kati ba, ka tambaya. Haka liƙi, ka ji ta bakin masu biki kafin ka fara watsa kuɗi. Hotunan amarya kuma ki bari ita ta fara sawa a Facebook.

Mutanen Ghana suna da nasu ladabi. Ja da baƙi kayan makoki ne a wurin da yawansu, kada ki haɗa su ki shiga biki. In ka tarar da mutane a zaune a jere, daga damanka za ka fara miƙa hannu ka bi zuwa hagu. Ka bar wasan nan na sunan da muke kiran buhun kaya mai ratsi da shi. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, kamar yadda gwamnatin Busia ta kori namu a 1969, kuma waɗanda abin ya shafa suna nan da rai. Abinci ba zai ba ka wahala ba: waakye shinkafa da wake ce, sunan ma daga bakinmu aka ɗauka, haka tuo zaafi da koko. In harshe ya ƙaƙare maka, ka nemi Nima ko Sabon Zango, za ka ji Hausa kamar kana Sabon Garin Zariya. Na sha kokon safe a Nima, na ci ƙosai, mai sayarwa ta tambaye ni labarin Kano inda kakanta ya fito.

Teku kuwa, ina roƙonku. Yawancinmu iyakar ruwan da muka sani rafin bayan gari ne. Igiyar ruwan gaɓar Ghana tana da ƙarfi, tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafar mutum yana tsaye. Ku yi hotonku a kan busasshen yashi, ku riƙe hannun yara.

Ga abokan aikina masu hidima. In an ce ka zo ka ɗaura aure a wata ƙasa, kada daɗin tikitin kyauta ya hana ka tambaya. Izinin da kake da shi a gida bai bi ka ƙetare iyaka ba. A Ghana, auren doka sai an ba da sanarwar kwana 21, kamar a Nijeriya, kuma sai mai hidimar da gwamnatin can ta amince da shi, a wurin da ke da lasisi. Da yawa daga bukukuwan bakin teku sa albarka ce kawai, an riga an yi rajista a gida ko za a yi. Wannan ba laifi, in kowa ya san haka ne. Abin tsoro shi ne yarinya ta dawo da hotuna masu kyau tana zaton tana da aure a gaban doka, sai ranar rabon gado ko neman biza ta gane ba ta da takarda. Ni kafin in tashi sai da na ga takardar rajistarsu da idona, na kuma ji daga bakin iyayen duka ɓangarorin cewa an biya sadaki an yi na al'ada. In an kira ka shaida, ka karanta abin da za ka sa wa hannu.

Ku kuma 'ya'yana masu shirya irin wannan biki, ku tuna da kakar da ta goya ku, wadda ba ta da fasfo kuma ba za ta yi ba, da matan zumunta da suka yi ta kai wa mahaifiyarku itace ranar sunanku. In kun dawo, ku sa Lahadi ɗaya ta godiya a ikilisiyar gida, amarya ta sake sa kayanta, a dafa ko da shinkafa buhu ɗaya. Wanda bai iya bin ku ba, kada ku riƙe shi a zuci.

Dattijon nan bai sayar da sansa ba. Ya kira ɗan ƙanin nasa tun saura wata uku, ya gaya masa gaskiya ba zai iya zuwa ba, domin kada a biya masa kujera. Ya aika da buhun masara da kaji biyu gidan uban ango. Ranar bikin jikarsa ta riƙe masa waya a inuwar darbejiya ya kalli ɗaurin auren, ko da yake ya ce mini hoton ya yi ta tsayawa, sai muryar mai wa'azi kawai yake ji.