Tamanrasset: ƙwallon dabino, gawayi da ruwan sha, ina binciken jami'o'i ya kwana?

Ruwan da ake sha a Tamanrasset yakan yi tafiyar kusan kilomita 750 kafin ya iso famfo. Tun 2011 ne gwamnatin Aljeriya ta buɗe bututun da ke jawo shi daga In Salah, ana turo shi da tashoshin injuna har ya hau tsaunukan Hoggar. Ruwan na ƙarƙashin ƙasa ne, ya taru tun dubban shekaru, ruwan sama kuma ba ya mayar da abin da aka ɗiba sai ɗan kaɗan. Ga shi da gishiri, abin da ya sa daga baya aka gina masa tashar tacewa a In Salah. A gari irin wannan, ingancin ruwa ya shafi kowa, har Hausawa 'yan kasuwa, masu gasa nama da 'yan ci-rani da suka shigo ta Assamaka da In Guezzam.

Shi ya sa wasu fannoni biyu na bincike da suka yawaita a jami'o'in Aljeriya suka cancanci a duba su: kama datti daga ruwa ta hanyar manna shi a jikin gawayi ko yumɓu, da kuma sarrafa ƙananan ƙwayoyin halitta su tsima abinci ko tarkacen amfanin gona. Dukansu biyun sun haɗu a kan dabino, wanda Aljeriya ke noma fiye da tan miliyan ɗaya a shekara.

Yadda gawayi ke kama datti

Idan aka ƙona ƙwallon dabino ba tare da iska sosai ba, sannan aka bi shi da tururi ko wani sinadari, yakan zama gawayi mai ramuka ƙanana da ido ba ya gani. Faɗin bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya kan kai ɗaruruwan murabba'in mita. Da ruwa ya ratsa, sai launin rini, ragowar maganin ƙwari da wasu ƙarafa masu guba su manne a bangon. Masu bincike na gwada yumɓun Maghnia, a yammacin ƙasar, don irin wannan aiki.

Lissafin da ake yi a kai tsoho ne. Bajamushe Herbert Freundlich da Ba'amurke Irving Langmuir ne suka shimfiɗa shi a farkon ƙarni na 20. Amfaninsa shi ne ya faɗi yawan dattin da gawayi zai ɗauka kafin ya ƙoshi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin matatar da ta ƙoshi ruwa kawai take wucewa da shi da dattinsa, mai gida kuwa yana sha hankali kwance.

Yankin na da dalilin damuwa. Rijiyoyi da yawa a kudu maso gabashin Aljeriya, kamar na El Oued da Ouargla, na ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Mutanen Maraɗi sun san illarsa: a Tibiri, ruwan wata rijiyar burtsatse ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, kuma sai da aka shekara da shekaru ana shan sa kafin a gano. Ga kuma haƙar zinariya da ta bunƙasa tun 2014 a Djado da Tchibarakaten, dab da iyakar Aljeriya, inda ake amfani da zaiba wajen ware zinariyar. Zamfara ta riga ta nuna ƙarshen sakaci a wannan sana'a, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010.

Tsimi da lissafi

Fanni na biyu ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mai daddawa da ke rufe kalwa ta kwana biyu ko uku, da mai nono da ke barin madara ta kwana, duk ƙwayoyin halitta suke sa wa aiki. Abin da ɗakin bincike ya ƙara shi ne awo. Ana sauya zafi, yawan sukari, tsami da tsawon lokaci a tare, bisa tsarin lissafi, don a gano haɗin da ya fi bada riba da gwaji kaɗan.

A Adrar, cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa ta yankin Sahara ta daɗe tana gwada mayar da dabinon da bai shiga kasuwa ba ya zama itanol, sinadarin da ake wanke rauni da shi ko a haɗa da man mota. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, don haka ana iya samun yis na burodi da ruwan khal daga cikinsa. Naman dabino ya tafi tukunyar tsimi, ƙwallon ya tafi murhun gawayi, babu abin zubarwa.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce yawancin gwaje-gwajen a cikin kwalba suke ƙarewa. Akan ɗauki tataccen ruwa, a zuba masa datti iri ɗaya, a auna cikin ɗaki mai sanyi, lissafi ya fito daidai, a buga sakamako, ɗalibi ya karɓi digiri. Ruwan rijiyar Sahara kuwa gishiri da ma'adinai iri-iri ne a cikinsa, duk suna rububin gurbi ɗaya a jikin gawayin. Adadin da aka samu a kwalba kan ragu idan aka fita daji.

Akwai kuma abin da gawayi ba ya iyawa. Ba ya cire gishiri, wannan aikin manyan matatu ne masu cin wuta. Gawayin dabino zalla ba ya kama fuloraid sosai sai an yi masa haɗi, shi ya sa a Nakuru ta ƙasar Kenya aka koma ga gawayin ƙashi. Sannan gawayin da ya sha zaiba ya zama guba shi ma, dole a san inda za a kai shi. Haka yis: ya fi son zafin da bai wuce digiri 30 da ɗoriya ba, alhali bazarar In Salah kan kusanci 50, kuɗin sanyaya tukunya kuma na iya cinye ribar.

Abin da ya rage shi ne gwaji a kan rijiya ta gaske, na tsawon watanni, da ƙididdigar kuɗin kowace lita. Jami'ar Tamanrasset ce mafi kusa da wannan fili, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinta ba ta san iyaka ba: irin duwatsu da irin sana'ar haƙa ɗaya ne daga Hoggar zuwa Ayar. Haɗin gwiwa da jami'o'in Agadez da Maraɗi zai sa a auna ruwan ɓangarorin biyu da ma'auni ɗaya.

Kafin nan, mazauna na da abin yi. Ruwa garau ba shaida ba ce ta tsafta, domin fuloraid ba shi da launi ko wari, tafasawa kuma ba ta kore shi. Idan haƙoran yaran unguwa suka fara yin ja ko rawaya, lokaci ya yi da za a kai ruwan rijiyar a auna. Wanda kuma aka tallata masa matata, ya tambayi abu biyu kafin ya biya: wane datti take kamawa, kuma bayan lita nawa ake sauya ta.