Ƙofar Gaggawa a Kotoka, Dogon Layi a Paga



Ana saura 'yan kwanaki a jefa ƙuri'a a zaɓen 2024, Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci Dokta Mahamudu Bawumia ya je filin jirgin sama na Kotoka a Akra ya buɗe wasu sababbin ƙofofin na'ura. An nuna a talabijin, an yaɗa a Facebook da WhatsApp. Matafiyi zai ɗora Ghana Card ko fasfo a kan na'ura, ta duba fuskarsa da zanen yatsansa, ƙofa ta buɗe, ya wuce ba tare da ya tsaya gaban jami'in shige da fice ba. An ce mana wannan shi ne ci gaba, kuma saboda irinsa aka nemi ƙuri'arku.

Mu ba ma ƙin na'ura, kuma ba za mu ce muku abin banza ba ne. Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Sin sau biyar sau shida a shekara zai ji daɗinta. Haka ɗan Gana da ke zaune a Landan ko Amurka, mai zuwa gida da iyalinsa. A Amurka ma akwai irin wannan tsari, ana kiransa Global Entry. A can matafiyi ne ke biya daga aljihunsa, dala 120 na shekara biyar, bayan an binciki tarihinsa an yi masa tambayoyi. Kowa na yin lissafinsa: mai yawan hawa jirgi ya biya ya huta, wanda ke tafiya sau ɗaya a shekaru ya riƙe kuɗinsa ya bi layi. To kai ma ɗan'uwa yi naka lissafin. Sau nawa ka sauka a Kotoka daga ƙasar waje? Sau nawa kuma ka tsaya a boda a cikin watan nan kaɗai?

A unguwanninmu, yawancin wanda ya taɓa hawa jirgi ya hau ne don zuwa Makka, sau ɗaya a rayuwa, bayan ya shekara da shekaru yana tari. Alhazan arewa kuma tun 2016, zamanin John Dramani Mahama, daga Tamale suke tashi kai tsaye. Abin da ya tsaya wa maniyyaci a rai a 2024 shi ne kuɗin kujera, sidi 75,000. Wanda bai iya haɗa wannan kuɗi ba, ina ruwansa da minti nawa ake yi a layin filin jirgi? Fasfon ma da za a ɗora a kan na'urar, a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗinsa daga sidi 100 zuwa sidi 500.

Tafiyarmu ta ƙasa ce. Albasar Galmi daga Nijar a mota take zuwa har kasuwar Adjen Kotoku. Tumatir da shanu daga Burkina Faso ta Paga suke shigowa. Ke 'yar'uwa mai sarin atamfa a Lome, ta Aflao kike bi. Mai zuwa suna ko ta'aziyya a Cinkasse, a babur yake tafiya ya dawo kafin magariba. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu cewa ɗan yankin na iya shiga kowace ƙasa cikinsu ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Wannan yana rubuce a takarda. A kan hanya kuwa, direban da ya ɗauko kaya daga Paga zuwa Tema ya fi kowa sanin yawan shingayen da zai tsaya, da abin da ake miƙawa a kowane shinge kafin a ɗaga sanda. Tumatir ba ya jiran kowa. In mota ta kwana a boda, rabin kwando ya ruɓe, kuma wannan asara a kan mai saye a kasuwa take ƙarewa.

In kuna son sanin wace ƙofa gwamnatin wancan lokaci ta fi damuwa da ita, ku tuna lokacin korona. A watan Maris na 2020 aka rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya, sama da ƙasa da ruwa. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekarar aka buɗe Kotoka: mai dala 150 ya biya kuɗin gwaji ya shigo. Iyakokin ƙasa kuwa sai ranar 28 ga Maris 2022. Wato masu jirgi sun yi haƙurin wata biyar da 'yan kwanaki, ku kuma shekara biyu cur. Shaguna nawa aka rufe a Aflao da Elubo a tsakanin nan? Jari nawa ya karye? Mutum nawa suka koma bin hanyoyin daji don kawai su ciyar da 'ya'yansu? Ba ku gama farfaɗowa ba sidi ta faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba 2022.

Ga kuma maganar katin kansa. Ƙofar na'ura ba ta san kowa ba sai mai Ghana Card ko fasfo. A yau da shi ake rajistar layin waya, da shi ake hulɗa da banki. Amma ku shaida ne, akwai waɗanda aka haifa a zango, aka haifi iyayensu da kakanninsu a nan, in sun je neman kati ko fasfo sai sunansu ya jawo musu tambayoyin da ba a yi wa wasu. Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa sun daɗe suna wannan kuka. Wanda aka tsayar tun a ƙofar farko, me zai yi da ƙofa ta goma?

Sannan ga wata babbar damuwa. A Janairun 2024 Nijar da Burkina Faso da Mali suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS, kuma wa'adin shekara ɗaya ya cika a ƙarshen Janairun 2025. Duk wanda abincinsa ya dogara da hanyar Wagadugu ko Yamai yana bukatar gwamnatin da za ta zauna da maƙwabta ta tabbatar katinsa da kayansa za su ci gaba da wucewa. Wannan aiki ne na zama da magana da mutunta juna, na'ura ba ta yinsa.

Abin da muke cewa a fili yake. Idan fasaha za ta iya gane fuskar mutum cikin daƙiƙu a Kotoka, to a kai irin wannan sauƙi Paga da Kulungugu da Hamile da Aflao, inda jama'a suke. A rage shingaye a kan manyan hanyoyi. Duk kuɗin da doka ta ce a biya, a rubuta shi a allo, a ba da rasit. A gama hanyar Bolgatanga zuwa Bawku zuwa Pulmakom da aka fara tun 2016. A ba kowane ɗan ƙasa katinsa ba tare da duban sunansa ko yarensa ba. Tsarin tattalin arzikin sa'o'i 24 da Mahama da jam'iyyar NDC suka kawo muku, babu inda ya fi dacewa da shi kamar garin iyaka, inda kwanan mota ɗaya ke cinye ribar wata guda.

Hausawa sun ce jiki magayi. Kai ka san inda ake tsayar da kai, ka san abin da ake karɓa a hannunka.    Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya zaunar da Gana lafiya.