Zancen Tuwon Dare Da Miyar Kuka

 

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, a shekarun nan babu zancen da ya fi yawa a bakin dattawa, in an idar da sallar lisha an zauna bisa tabarma, kamar zancen abincin da. Wannan ya tuna da ɗanwake da man gyaɗa, wancan ya tuna da faten tsaki da yakuwa, wani ya ce shi ba abin da ke masa gizo sai ɗumame da man shanu, sa'an nan a yi ajiyar zuciya a watse. To, mu muna ganin zancen ya wuce hira. Tuwon nan da ake bege yana da dalilin da ya sa ya yi araha, kuma wajibi ne a san dalilin, domin akwai magidanta yau da ke kwana da iyalinsu ba a ɗora tukunya ba.

A gidajen da muka tashi, cikin ƙauyukan ƙasar Kano da Zazzau, a shekarun 1970 da 1980, maigida ne ke hawa rumbu ya fid da damin dawa, ko kaura ko farfara. Mata su sussuka, su sheƙe, su surfa, su bakace, su wanke, su shanya, sa'an nan a niƙa. Dusa ta tafi ga tumaki, ƙasari ma su ke sha, tsakin da ya saura a rariya kuwa a ajiye shi don fate ko dambu. Da la'asar sakaliya a yi talge, a tuƙa da muciya, a kwashe da mara malmala-malmala a jera cikin akushi. Miya kuwa, ga kuka nan a bayan gari, an tsinko ganyenta tun da kaka an shanya a inuwa an dake. Ga barkono a bayan ɗaki, ga busasshiyar kuɓewa a tukunyar uwargida. In ka zauna ka ƙidaya abin da aka fid da kuɗi aka saya cikin abincin nan duka, ba zai wuce gishiri da kanwa da daddawar 'yan kwabbai ba. Nama sai ranar kasuwa, wani gidan ma sai layya.

Daddawar nan ita ce ran miya, kuma aikinta ba na raggo ba ne. Kalwa ake samu daga 'ya'yan ɗorawa, a dafa ta wuni guda har ta yi laushi, a surfe ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye kwana biyu ko uku har ta ruɓa ta yi warin nan da maƙwabta ke sanin an yi, sa'an nan a kirɓa a mulmula a shanya. Garin ɗorawar kuma shi ne alewar yara da bazara, ɓawonta a yi makuba a shafe katanga da daɓe. Itace ɗaya ke nan, ya ba ka miya, ya ba ka abin lasa, ya tsare maka gini. Shi ya sa manomin da ba ya sa wa ɗorawa gatari ko tana tsakiyar gonarsa.

In an yi magariba kowane gida ya fito da akushinsa zaure, magidanta su haɗu su yi ciyayya, har ba a gane wanda miyarsa ta tsinke yau. Baƙon da dare ya yi wa ya wanke hannu ya sa. Yara su kewaye ƙwarya ɗaya, a nan suke koyon cin gabansu, da barin tsoka sai babba ya raba. Kuma kowace uwa tana da almajirinta wanda ta san sunansa da garinsu, tana ware masa malmala tun kafin ya yi sallama. Malaman allo sun sani sarai, a kan malmalar nan makarantu suka tsaya shekara da shekaru, ba da kuɗin wata ba, ba da taimakon hukuma ba. Abin da ya kwana a ɗumama shi da safe. Ƙanzon gindin tukunya a shanya, ranar da aka bukata a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Awo ɗaya ya ci da gida dare da safe.

Kada matasa su zaci zamanin nan duk daɗi ne. Akwai tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba, a wuni a kan tafasa da rama, ana duban gona ana jiran tumu. Akwai farin 1973 da iyayenmu ba su gushe suna ambata ba, da na 1984 wanda muka gani da idonmu. Hannuwan uwayenmu sun yi kanta saboda taɓarya, kuma injin niƙa da ya zo rahama ne, babu mai hankalin da zai ce a koma kan dutse.

Sai dai ga abin lura. Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa a shekarun 1970, aka yi ta jigilar shinkafar waje da alkama, burodi da shayi suka shiga gidajen birni. A 1984, zamanin mulkin soja, mutanen birni suka riƙa bin layi a rana don shinkafa da madara da sukari da sabulu. Mai rumbu da kuka a bayan gida bai san da wannan layi ba. Gwamnati ta hana shigo da shinkafa a 1985, amma harshe ya riga ya saba. Tun daga nan tuwon dawa ya fara zama abin kunya, har ta kai yau magidanci na cin bashi ya sayi taliyar leda don kada a ce gidansa kullum baƙin tuwo.

Yanzu mutumin birni ba shi da rumbu. Hatsi saye, niƙa biya, gawayi saye, ruwa ma sai ɗan garuwa. Tuwon da a da ba ya bi ta kasuwa sai don gishiri, yau dukkansa ta kasuwa yake fitowa. Saboda haka da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya hau, kome ya bi shi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ga kuma manoman Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu.

Ya ku fatake, wannan shi ya mai da tukunyar talaka hannunku. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Jihar Kano ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a wajen Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwa kuwa suka musanta. Mu ba alƙalai ba ne. Mun san wanda ya saya da kaka ya ajiye zuwa damina yana ɗaukar hasarar ƙwari da faɗuwar farashi, kuma ba don shi ba da birni bai ci ba. Amma kun karanta hukuncin ihtikari a littattafan fiƙihu, kun san bambancin ajiya da riƙe abinci sa'ad da jama'a ke cikin matsi. Kun kuma san abin da Suratul Muɗaffifina ta sauka a kansa. Tiyar da aka bubbuga gindinta ta shige ciki, loma ce aka cire daga bakin yaro, kuma Sarkin Kasuwa da shugabannin 'yan awo suna da ikon tara kwanonin awo su gwada su a bainar jama'a.

Ya ku malamai, kunyar nan kuwa a hannunku maganinta yake. In an yi walimar sauka ko suna, ana duban abin da aka ajiye gaban malam. Idan liman ya ce a kawo masa tuwon dawa da miyar kuka, ya ci a gaban mutane ya sa albarka, to, ya sauke wa magidanta da yawa nauyin buhun shinkafa. Ku kuma tuna wa manoma zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga wanda ya kai nisabi da ruwan sama, a ba da ita cikin gari tun kafin motocin birni su iso.

Saura maganar itatuwa. Ɗorawa da kuka suna ƙarewa a gonakin da ke kewaye da birane, waɗansu an sare don itace da gawayi, waɗansu don yanka filaye, kuma ɗorawa takan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni, duk wanda ya zo a sa masa hannu a takardar cinikin gona, a fara tambayarsa ɗorawa nawa ke ciki, kuma me zai yi da su.