Malamin Da Bai Ƙoshi Da Barci Ba

A garin Kazaure akwai asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Jihar Jigawa. Mutanen Roni da Gwiwa da Achilafiya duk sun san shi, amma ba mai so a ga sawunsa a ƙofar. Daga cikin tambayoyin farko da likitan irin wannan asibiti ya kan yi wa wanda aka kai masa akwai wannan: yaya barcinka? Ita mu ke so mu yi wa malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi yau, tun suna bisa ƙafafunsu.

Mu ɗauki malamin firamare guda a Achilafiya cikin watan Afrilu. Ɗakinsa na kwano ne, ba ya shiguwa sai dare ya raba. Sai ya zauna waje wurin mai shayi, ko kuwa ya kishingiɗa da wayarsa a hannu. In ya kwanta da sha biyu da rabi, ga bashin mai kanti, ga kuɗin maganin yaro, ga takin da ba a saya ba, duk sun kwanta tare da shi. Wajen ƙarfe biyar an kira asuba. Ku lissafa da kanku, awa huɗu da rabi ke nan, in ma barcin ya zo da wuri. Da damina kuwa daga aji sai gona.

To, a 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta bayyana cewa baligi yana bukatar awa 7 ko fiye kowane dare. A 2016 ta ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuwa awa 8 zuwa 10. Watau malaminmu kullum jikinsa na bin sa bashin awa biyu da rabi.

Abin da ya sa batun ya yi nauyi shi ne damuwa da rashin barci suna ciyar da juna. In mutum ya shiga damuwa, jikinsa ya kan saki wani sinadari da likitoci ke kira kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Wannan shiri yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji. Amma wanda ke tunanin bashi ba shi da wurin gudu, sai ya kwana ido biyu. Gari ya waye yana da saurin fushi, abin da bai kai ya kawo ba ya dame shi, da dare kuma barci ya sāke ƙaurace masa. Ga mai lafiya, ƙarfin bugun jini ya kan sauka da kamar kashi ɗaya cikin goma sa'ad da ya ke barci, zuciya ta huta. Wanda ya daɗe bai sami wannan hutu ba ya fi kusa da hawan jini da ciwon sukari. Har wa yau bincike ya nuna mai fama da rashin barci ya fi mai barci lafiya haɗarin kamuwa da ciwon baƙin ciki wajen ninki biyu.

A kwalejin horon malamai mun sha ganin ɗalibi ya kwana yana bitar darasi, gobe ya tsaya gaban allo ya rasa ta inda zai fara. Ba daƙiƙi ba ne. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ta ke ɗaure abin da aka koya da rana. Mu ma malamai muna da laifi, gama mun daɗe muna yabon mai raba dare muna ce masa mai himma.

Masu hawa babur zuwa aiki kan hanyar Kano zuwa Daura su ma su ji. A 1997 masana a Ostareliya sun gwada, sun tarar wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba hankalinsa da hannunsa sun yi nauyi kamar na wanda ya ɗan sha giya.

Maganin da mu kan nema shi ke ƙara cutar. Goro da shayi suna da sinadarin da ke kore barci, rabinsa kuwa yana nan cikin jini bayan kamar awa biyar. Goron bayan isha'i yana aiki har tsakar dare. Waɗansu kuma su kan wuce nan su nemi abin da zai kwantar da su da ƙarfi. Ba mu manta ba a 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin a ke sha kullum a Kano da Jigawa, har Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Madalla. Amma doka ba ta sa mutum barci. A ganinmu ya kamata hedimastoci da sakatarorin ilmi su daina ɗora wa malami aikin da ba ya ƙarewa sai da fitila, masu makarantun kwana kuma su ƙirga awowi tsakanin kashe fitila da ƙararrawar tashi. Ƙailular da iyayenmu suka saba, minti 20 ko 30 bayan azahar, tana taimako da bazara, muddin ba a kai ta la'asar ba. Wanda kuwa barci ke gagararsa dare uku a mako har wata uku, likitoci sun ɗauke shi mara lafiya. Ya tafi asibiti mafi kusa a auna jininsa, ya gaya wa likita gaskiyar abin da ke hana shi barci, kada ya sayi ƙwaya a kasuwa.