A Wayar Da Kan Masu Haɗa Waƙoƙi Tun Kafin Doka Ta Hau Kansu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wata sana'a da samarinmu suka runguma a Talata Mafara da Bakura da Maradun, wato sana'ar DJ da tura waƙoƙi a waya.

Duk mai cin kasuwar Mafara ran Talata ya san rumfunan da nake nufi. Yaro ne da kwamfuta da lasifika, ya yanko waƙar wannan mawaƙi, ya haɗa da ta wancan, ya ɗora kiɗa a kai, ya ambaci sunansa a tsakiya. Daga nan sai ya zuba wa mutane a memori, ko ya watsa ta WhatsApp da TikTok da Audiomack. Ni ban raina wannan sana'a ba, don ta fi zaman kashe wando nesa ba kusa ba, musamman yadda rashin tsaro ya hana da yawa zuwa gona. To amma akwai abin da yaran nan ba su sani ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Jama'a, waƙa dukiya ce, kuma tana da doka. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta maye gurbin ta 1988, kuma akwai hukumar tarayya mai kula da ita, wato NCC. Dokar ta ce mai waƙa shi ke da ikon a kwafi waƙarsa, ko a sauya mata fasali, ko a ɗora ta a intanet. Wanda ya yi ɗaya daga cikin ukun nan ba da izini ba ya shiga gonar wani. Mai waƙa na iya kai ƙara ya nemi diyya, yana iya sa kamfanin intanet ya sauke abin, in kuma kasuwanci ake yi da ita, akwai tara har da ɗauri.

Wani zai ce ai wahalata ce, ni na kwana ina haɗawa. Haka ne. Amma wanda ya ɗebi geron maƙwabci, ya karɓo nonon wata, ya dama fura, damun nasa ne, gero da nono fa? Wani kuma zai ce ai kyauta nake rabawa. To sadaka da hatsin wani ba ta mayar da shi naka. Sauraren waƙa a ɗakinka daban, watsa ta ga duniya daban.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waƙoƙin magabatanmu. Ƙasar nan tamu ita ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda asalinsa Bakura ne, ya yi suna a Maradun, da Sa'idu Faru na ƙasar Maradun. Samari na ganin tunda sun rasu, waƙoƙinsu sun zama na kowa kamar ruwan Bakolori. Ba haka ba ne. Doka ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan magadansa ke da haƙƙi har 2061. Mamman Shata ya rasu a 1999, nasa sai 2069. Ita kanta muryar da anka ɗauka a faifai ko kaset tana da nata haƙƙin na shekara 50. Mutanen nan sun bar 'ya'ya da jikoki, kuma gado gado ne, ko gona ce ko waƙa.

Bayan maganar kuɗi akwai ta mutunci. A da makaɗi in ya yi wa sarki waƙa, a ba shi doki da riga, kowa ya san waƙar wane ce, kuma wa anka yi wa. Yau sai ka ji an yanke waƙar fada gida biyu, an cusa kirarin wani ɗan siyasa ko tallar shago, ba a ko ambaci mai ita ba. Dokar nan ta ba mawaƙi haƙƙin a faɗi sunansa, da haƙƙin ya ƙi a lalata masa aiki ta hanyar da za ta zubar masa da daraja.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Yara da yawa ba su taɓa riƙe kaset ba, a wurin masu turin nan suka fara jin muryar Ɗanƙwairo. Mawaƙan zamani ma da yawa ta hannunsu suka shiga ƙauyuka. Saboda haka ni ban goyi bayan a fara da kame ba.

Ga shawarata. Na farko, hukumar NCC ta fassara dokar nan da Hausa, a riƙa bayaninta a rediyo, don ba a hukunta mutum da abin da ba a karanta masa ba a ce an yi adalci. Na biyu, masu DJ da masu turi na ƙananan hukumomin nan uku su haɗa kai su yi ƙungiya, su nemi mawaƙa da magadan waɗanda suka rasu, a yi yarjejeniya a rubuce, a yanka wani abu da za a riƙa ba su, ko yaya yake. Na uku, kowane haɗi a faɗi sunan mai waƙa, kuma a bar cusa abin da bai faɗa ba. Ina kuma roƙon iyayenmu sarakunan Mafara da Bakura da Maradun su sa baki, tunda wasu daga cikin waƙoƙin nan a ƙofar fadarsu anka yi su.

Mu kuma masu saye, mu tuna 'yan kuɗin da muke miƙawa a rumfa ko sisi ba ya isa gidan mai waƙa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa masu abin su ji, amin.



Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.