Wayarka lafiya lau take, hoton da aka cusa cikin waƙar ne matsala

Ɗan'uwa, idan ka kunna karatun Alƙur'ani ko wa'azi, ka kulle waya, sai ka ga hoton wata jarumar fim ko na wani saurayi da baƙin tabarau ya fito a fuskar wayar, kar ka bari kowa ya ce maka bairos ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka filashin saboda wannan, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya sani yana so ya cuce ka. Filashin zai share maka lambobi da hotuna, kana mayar da memori hoton nan ya dawo.

Ga yadda abin yake. Fayil ɗin MP3 ba sauti kaɗai ke cikinsa ba. Akwai wani ɓangare da ake kira ID3, inda ake rubuta sunan waƙa, sunan mai ita da sunan albam, kuma tun 1998 ake iya saka hoto a ciki. Manhajar da ka kunna sautin da ita ce ke ɗauko hoton ta miƙa wa Android, shi kuma ya nuna a allon kulle. Daga Android 4.4 na 2013 hoton kan cika allon gaba ɗaya. Google ta cire hakan a Android 11 na 2020, ya koma cikin ɗan akwatin da ke da maɓallin tsayarwa. Ka ga ke nan waya abin da aka ba ta take nunawa.

To wa ke ba ta? Masu tura waƙa a memori da shafukan sauke waƙa. Mutum zai ɗauki waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru, ya goge sunan mai ita, ya rubuta sunan shagonsa da lambar waya, ya liƙa hotonsa. Abin da ya fi muni, sai ya ba fayil ɗari sunan albam ɗaya. Android kuwa da sunan albam yake tara fayiloli, wanda ba shi da suna kuma ya laƙaba masa sunan foldar da yake ciki. Shi ya sa hoton waƙar soyayya guda ɗaya kan hau kan tafsirin azumi gaba ɗaya. Dattijo ya ciro waya a ƙofar masallaci, mutane su gani, ya rasa bakin magana, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Masu wanga aiki za su ce talla suke yi, su suka sayi data suka sauke. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya raina sana'arsu. A Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, mutanen Ƙaura, Shinkafi da Zurmi sun yi makonni ba intanet, memori da Xender ne suka riƙe mu. Amma wannan shi ya sa amanar ta fi nauyi. A ƙauyen da sabis ba ya kaiwa, fayil ɗin da ka tura shi ne kwafin da zai yi ta yawo daga waya zuwa waya. Yaron da ya taso yana jin Narambaɗa da sunan "Wane Download" a ina zai san mai waƙar? Ka sa tallarka a sunan folda ko a allon shagonka, ka bar wa mai abu sunansa.

Gyaran ba ya buƙatar ko sisi:

1. Raba folda: karatu daban, wa'azi daban, waƙa daban.
2. Sauke manhajar gyaran bayanan waƙa, kamar Star Music Tag Editor a waya ko Mp3tag a kwamfuta.
3. Buɗe fayil ɗin, cire hoton da ke ciki, rubuta sunan mai karatun ko mawaƙin na gaskiya.
4. Ba kowane rukuni sunan albam nasa. Wannan matakin shi ke hana hoto tsallakawa.
5. In kana son hoto, sa mai kusurwa huɗu daidai wa daida, kamar 500 da 500, kar ya yi nauyi.
6. Kashe wayar ka kunna. In tsohon hoton bai tafi ba, mayar da fayilolin sabuwar folda.

Ku kuma ɗaliban Poli ta Ƙaura da ke haɗa manhajar wa'azi ko ta rediyo, Android ya ba ku MediaSession tun 2014 don ku miƙa suna da hoto daidai. Barin allon kulle fayau, ko da sunan karatun da ya wuce, ragwanci ne.

Kai kuma mai waya, in za ka kai memori a loda maka ran kasuwa, kunna fayil biyu ko uku ka kulle wayar a gabansa kafin ka biya. In hotonsa ya fito a kan karatu, ce masa ya cire tukuna.