In Shara Ta Tsaya A Jiki, Ƙwaƙwalwa Ke Biya

Akwai wani kuskure da ya daɗe a zukatan jama'armu, har da waɗanda suka yi makaranta. In mutum ya kamu da ciwon sukari sai a ce ciwon masu hali ne, ya rage shan zaƙi shi ke nan. In kuwa dattijo ya fara mance sunayen jikokinsa, ko hannunsa ya kama karkarwa, sai a ce tsufa ne, wasu ma su ce sammu ne ko iskoki. Ba mai tsayawa ya tambaya ko akwai zumunta tsakanin yadda jiki ke sarrafa abinci da lafiyar ƙwaƙwalwa. To, binciken masana ya nuna akwai ta, kuma ya kamata kowane mai karatu ya san inda ta ƙullu.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya kamar gida take, da murhunta inda ake ƙona abinci a sami ƙarfi, da kayan aikinta waɗanda kullum wasu ke lalacewa. A 1955 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Christian de Duve, ya gano wata 'yar jaka a cikin ƙwaya, aka sa mata suna laisosom. Aikinta irin na maƙeri ne, wanda a kan kai wa tsohuwar fartanya ya narkar ya ƙera sabuwa. A 1963 shi ne kuma ya raɗa wa aikin tattara tarkacen da kai shi jakar suna otofaji, wato "cin kai" da harshen Girka. Daga baya Yoshinori Ohsumi na ƙasar Japan ya bi diddigin abin cikin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, a 1993 ya bayyana umarnin gado guda 15 masu tafiyar da wannan shara. Aka ba shi lambar Nobel a 2016, kamar yadda aka ba de Duve a 1974.

Me ya sa ƙwaƙwalwa ta fi sauran gaɓoɓi bukatar shara? Dalili biyu ne. Na fari, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke samarwa, murhun da ba ya mutuwa kuwa ba ya rabo da toka. Na biyu, ƙwayoyin fata da na hanji suna mutuwa a sake wasu, amma yawancin na ƙwaƙwalwa waɗanda aka haifi mutum da su ne za su kai shi kabari. Wanda ba shi da damar ƙaura, dole ya share inda yake. A 2006 ƙungiyoyin masana biyu a Japan suka tsayar da wannan shara a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Ba su sa musu wata cuta ba, amma tarkace ya dunƙule, ƙwayoyin suka dinga mutuwa, ɓerayen suka kasa tafiya daidai. Irin wannan dunƙulen tarkace ake tararwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa da Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana a 1906, da masu ciwon karkarwa da James Parkinson na Ingila ya siffanta a 1817.

Hujja mafi ƙarfi daga 'yan Adam ta fito ne daga wata cuta ta gado mai ƙarancin aukuwa, wadda likitan Faransa Philippe Gaucher ya bayyana a 1882. Mai ita ya gaji lahani daga uwa da uba, jakar sharar tasa ba ta iya narkar da wani irin maiƙo, sai ya taru a saifa da hanta da ƙasusuwa. A 2009 wani babban bincike ya tarar masu ciwon karkarwa sun fi masu lafiya ɗauke da wannan lahani wajen ninki biyar, ko da yake galibin masu ɗauke da shi har su tsufa ba sa kamuwa. Kada a ce wannan labarin Turai ne. A 2023 masana, cikinsu har da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, suka gano wani sauyi dabam a wannan gurbin gado ɗin tsakanin mutanen Afirka, kuma yawancin majinyatan da aka auna 'yan Nijeriya ne.

Abin gado ba ya hannun kowa. Amma akwai wanda ke hannunmu, shi ne ciwon sukari da ƙiba. Ƙwaya tana da ma'auni: in abinci ya yawaita ta kan dukufa kan gini ta jinkirta shara, in ya ragu ko jiki ya motsa sai ta koma kan tsintsiya. Mutumin da jininsa ke cike da sukari dare da rana, ma'aunin nan ya karkace masa, ga kuma sukarin na ɓata ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da jijiyoyi. Jijiyar da ta tashi daga gadon baya zuwa yatsan ƙafa ta kan kai tsawon mita guda, ita ta fi kowace nisa da gida, don haka ita ke fara gazawa. Shi ya sa mai sukari ke jin ƙafarsa na zugi ko ta mutu, har ya taka ƙaya bai sani ba. Wajen rabin masu wannan ciwo su kan gamu da lalacewar jijiya a rayuwarsu. A 2024 kuma kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa, ko a jinkirta, kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa. Ciwon sukari na ciki, da hawan jini, da ƙiba, da shan taba, da rashin motsa jiki, da ƙarancin ilmi.

A nan za mu ja kunne. Tun da aka ba Ohsumi lambar nan wasu suka shiga yaɗa cewa an tabbatar yunwa na warkar da kowace cuta, wasu kuma na tallar magungunan "wanke ƙwaƙwalwa". Ohsumi da yis ya yi aiki, bai yi da majinyata ba, kuma har yau babu maganin da aka tabbatar yana warkar da ciwon mantuwa ko na karkarwa ta wannan hanya. Ba azumin ibada muke nufi ba, wannan yana da hukuncinsa da rangwamensa ga mara lafiya. Muna magana ne kan mai shan maganin sukari ko mai allurar insulin da zai ƙaurace wa abinci don ya ji an faɗa. Sukarinsa na iya faɗuwa ya suma, ƙwaƙwalwar da yake son karewa ita za ta fara cutuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka kiranmu ga akawuna da malaman makaranta ne, don su aikinsu ya fi ɗaure wa kujera, su kuma jama'a ke kallo. Duk wanda ya haura shekara 40 ya je a auna masa sukari da hawan jini, kada ya jira sai ciwo ya kayar da shi, gama fiye da rabin masu ciwon sukari a Afirka ba su san suna da shi ba. In an auna kafin karin kumallo aka sami 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, ko fiye, aka maimaita aka sake samu, to, ciwon ne, a kama magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, wato tafiyar rabin sa'a da sauri kwana biyar. Mai sukari ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare. Malami ya koya wa almajiransa cewa kakar da ta ruɗe mara lafiya ce, asibiti za a kai ta, ba a yi mata dariya ko a jefe ta da maita. Hukumomi kuma su ga cewa ko ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye bai rasa abin awon sukari ba, don kuɗinsa bai kai na yanke ƙafa guda ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan kuwa tun mutum na da ƙarfinsa take farawa, shekaru da yawa kafin a ga alama. Wanda ke fatan ya tsufa da hankalinsa, ya gane 'ya'yansa, ya ba jikokinsa labari, yau ne ranar da zai fara. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.